Shekarar Farko: Binciken Gureje a Idon Mutumin Kudancin Kano

A shekarar 2007 mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Psychological Medicine, wadda ake bugawa a Ingila, ta fitar da wata gajeruwar takarda daga hannun Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa biyar. Tambayoyin da suka ɗauko suna cikin waɗanda Bahaushe ba ya son ko a yi su kusa da shi. Ka taɓa tunanin kashe kanka? Ka taɓa shirya yadda za ka yi? Ka taɓa gwadawa? Mutum 6,752 aka yi wa waɗannan tambayoyi ido da ido, dukkansu daga shekara 18 zuwa sama, a jihohi 21 cikin 36 na Najeriya, da Yarbanci da Ibo da Hausa da Efik. Aikin wani reshe ne na babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe da dama a farkon shekarun 2000, kuma takardar tambayoyin hukumar aka yi amfani da ita.

Takardar ta kwana biyu, amma har yau duk mai son magana a kan wannan al'amari a Najeriya da hujja a hannu sai ya bi ta kanta. Na karanta ta ne da tunanin garuruwanmu na kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, ina auna abin da ta faɗa da abin da ido ke gani a can.

Yabo na farko na hanyar da suka bi ne. Tun 1962 Dakta Tolani Asuni ya yi nazari a kan kashe kai a tsohuwar Jihar Yamma, ya dogara da takardun jami'an binciken gawa, ya sami adadi ɗan kaɗan ƙwarai. Irin wannan sakamako ya daɗe yana ƙarfafa zancen nan na cewa baƙar fata ba ya kashe kansa, wai cutar Turawa ce. To amma takardar jami'in binciken gawa ba ta ƙidaya sai gawar da aka kai masa. A wurinmu, wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ba likita, ba takardar shaidar mutuwa, kuma idan akwai abin da dangi ke son binnewa tare da mamacin, an binne shi. Gureje da mutanensa sun fahimci cewa a ƙasa irin tamu matattu ba su bar rubutu ba, sai suka juya ga masu rai suka tambaye su. Wannan dabara ita ta ba takardar daraja.

Ga abin da suka samu. Kashi 3.2 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce sun taɓa tunanin kashe kansu da gaske. Kashi 1 cikin 100 sun kai ga shirya yadda za su yi. Kashi 0.7 sun gwada. A takarda adadin kamar ba shi da yawa. Amma ɗauki gari mai manya 10,000, irin garuruwan da ke bakin titin Zariya, ka ɗora masa wannan lissafi: mutum 320 ke nan da tunanin ya taɓa zama a zuciyarsu, 70 kuma sun taɓa miƙa hannu ga ajalinsu suka tsira. Suna sahun salla tare da mu, da su ake cin kasuwar gari, wasunsu mu muka ɗaura musu aure.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai yana gaba da waɗannan alƙaluma. Masu binciken sun tambayi kowa shekarar da tunanin ya fara zo masa, da shekarar da ya yi shiri, da shekarar da ya gwada. Da suka jera amsoshin sai abu biyu suka fito. Kusan biyu cikin kowane uku na waɗanda tunaninsu ya kai ga shiri sun je ga gwadawa. Sannan haɗarin tsallakawa daga tunani zuwa shiri, da daga shiri zuwa aikatawa, ya fi tsanani a cikin shekarar farko. A kan wannan suka ɗora shawararsu: taimako ya fi amfani idan ya zo cikin shekarar da mutum ya fara furta abin. Da aka haɗa sakamakon ƙasashe 17 a 2008, har da Najeriya, an sake ganin haka, domin kusan kashi 60 cikin 100 na masu tsallakawa daga tunani zuwa yunƙuri a shekarar farko suke tsallakawa.

Wannan magana ce babba, kuma mai sa rai. Tana nufin akwai lokacin da ake iya riƙo hannun mutum, kuma lokacin yana farawa ne ranar da ya buɗe baki. Mu kuwa mun san yadda yake buɗe bakin. Ba ya cewa zai kashe kansa. Cewa yake, "Wallahi na gaji da duniyar nan." Ko matar aure ta ce wa ƙanwarta, "Ni dai gara in mutu in huta." Ko saurayi ya ce wa abokinsa a majalisa, "Ku yafe ni, ba lalle ku daɗe kuna ganina ba." Mun kuma san amsar da muke bayarwa: "Subhanallahi, daina faɗin haka, yi istigfari." Amsar ba ta da laifi a niyya, tsoron Allah da ƙauna ne suka kawo ta. Illarta ita ce tana rufe zancen a daidai inda ya kamata a buɗe shi. Wanda aka ce wa ya daina faɗa zai daina faɗa, ba zai daina tunani ba. Abin da ya dace ya biyo bayan istigfarin shi ne a ja shi gefe a zauna, a ce, "Yaya, me ke damunka haka? Ka taɓa jin kamar ka cutar da kanka?" Mutane na tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar tuni ce ga wanda bai yi niyya ba. Nazarce-nazarcen da aka yi a kan haka ba su sami shaidar cewa tambayar na dasa tunanin ba. Sau da yawa ma sauƙi take kawo wa mai ɗauke da kayan.

Me ya sa muke kasa gane mai wannan hali? A nan takardar Gureje na buƙatar abokiyar tafiya, kuma an yi sa'a akwai ta a ƙofar gidanmu. A 2004 likitoci huɗu, Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu da Isa Abubakar da Muktar Aliyu, sun buga binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da suka sani game da taɓin hankali. Da aka ce su faɗi alamominsa, abin da ya fi fitowa shi ne faɗa da ɓarna, kashi 22 cikin 100, sai yawan surutu, kashi 21, sai baƙuwar ɗabi'a, kashi 16, sai yawon titi, kashi 13. A wajen sanadi, shaye-shaye ne kan gaba da kashi 34, sai hukuncin Allah da kashi 19, sai sammu da aljanu da kashi 18. Kusan rabinsu ba su da kyakkyawan zato ga mai wannan lalura.

Duba manyan alamomin nan huɗu da kyau. Dukkansu masu hayaniya ne. Mara lafiyar ƙwaƙwalwa a idonmu shi ne mai jifa, mai tsince-tsince a bola, wanda yara ke bi da waƙa. Shi kuwa wanda Gureje ya gano ya fi kusa da haɗari, wato mai ciwon damuwa, ba ya jifan kowa. Ya daina zuwa majalisa, tuwo ya rage masa daɗi, barci ya ƙaurace masa, ya bar gonarsa ta yi ciyawa alhali an san shi da himma. Idan mace ce sai a ce ta cika kunya, ko a yabe ta da haƙuri. Idan namiji ne a ce ya yi sanyi, ko girma ne ya zo masa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mun taso an koya mana cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma fuskar da ta sha wannan tarbiyya ta iya ɓoye labari. Takardun biyu idan aka haɗa su suna faɗin abu ɗaya mai nauyi: shekarar da ake iya ceton mutum tana ƙarewa ne a gaban idonmu, mu kuwa muna can muna duban wani irin mara lafiya daban.

Duk wanda ya taɓa zama a benci a ƙaramin asibitin karkara ya ga yadda abin ke wucewa. Mace ta shigo da goyo, ta zauna a gefen kujera, mayafi ya rufe rabin fuska. Malamin asibiti ya ce, "Me ke damunki?" Ta ce kanta ke ciwo, jikinta duk ya mutu, zuciyarta na bugawa, da dare ba ta runtsawa. Ya taɓa goshin ɗan, ya rubuta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, ya ce ta dawo in bai sauka ba. Layi na jiransa a waje, kuma ba wanda ya taɓa koya masa cewa bayan waɗannan koke-koke huɗu akwai tambaya ta biyar. Bayan sati biyu ta dawo da kukan nan dai, ko ta wuce kemis ta sayi na barci. Ba mugunta ba ce daga ɓangarensa. Horon da aka ba shi bai kai nan ba.

Kashi na biyu na takardar ya shiga cikin gida, kuma nan ne na fi jin ta a jikina. Masu binciken sun tambayi mutane yadda ƙuruciyarsu ta kasance, suka sami abubuwa huɗu da ke tafe da yunƙurin kashe kai bayan an girma: daɗewa rabe da iyayen da suka haifi mutum, tashi a gida mai yawan rigima, dukan da ya wuce kima, da tashi a hannun macen da ita kanta ta yi fama da ciwon damuwa ko fargaba ko ta taɓa yunƙurin kashe kanta. Wanda ya san gidajenmu ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Saki ya yi yawa, kuma idan uwa ta fita yaran sukan zauna a hannun wadda ta gaje ɗakin. Yaro ɗan shekara bakwai a sa masa allo da ɗan kwano a jaka a kai shi garin da bai san kowa ba. Gidan da kishi ya yi zafi, yara ne ke kwana da maganganun da manya suka jefi juna da su. Abin da takardar ta ƙara mana shi ne cewa waɗannan abubuwa ba sa ƙarewa da ƙuruciya. Suna kwantawa, sai bayan shekara ashirin su tashi.

Batun uwa ya cancanci a tsaya a kansa. Idan damuwar mai reno tana bin ɗan da ta rena har girmansa, to kula da hankalin mai jego aikin zuriya biyu ne. Muna da al'adar wankan jego da kunun kanwa da zuwa gida haihuwar fari, duk don a tattali jikin mai haihuwa. Kwana arba'in ɗin nan da take kewaye da mata 'yan'uwanta dama ce da ƙasashe da yawa ba su da irinta. Abin da ya rage shi ne unguwarzoma da uwar mai jego su san cewa kuka ba dalili da ƙin shayar da jariri da zaman shiru na iya zama ciwo mai magani.

A nan kuma zan fara ja da takardar. "Rabuwa da iyaye" a takardar tambayoyi layi ɗaya ne, amma a ƙasar Hausa riƙo iri-iri ne. Akwai yarinyar da kakarta ta ɗauka tun yaye, ta tashi 'yar lele, gidan iyayenta na bayan katanga. Akwai wadda aka kai wa gwaggo a birni ta zama mai wanke-wanke da talla. Akwai ɗan fari da ake ba wa kawu saboda kunya, akwai maraya. A zuba su duka a kwando ɗaya, sakamakon zai iya sa a zargi al'adar da ta raya marayu da yawa, ko kuma ya rage nauyin irin riƙon da ke da cutarwa da gaske. Tambayar da ke da amfani a wurinmu ita ce a hannun wa aka tashi, da yadda aka riƙe mutum.

Ja na biyu ya fi girma. A ƙasashe 17 ɗin nan da aka haɗa, matsakaicin masu tunanin kashe kai kashi 9.2 ne cikin 100, masu yunƙuri kashi 2.7. Najeriya na can ƙasa-ƙasa da 3.2 da 0.7. Ina da yaƙinin cewa wani ɓangare na wannan rata gaskiya ne. Imani da ƙaddara, da tsoron haɗuwa da Allah, da zaman gandu inda ba a barin mutum shi kaɗai, duk katanga ce, kuma bai kamata mai ilimin zamani ya raina ta ba. Amma a yi tunanin yadda hirar take gudana. Baƙo ya yi sallama da jaka da takardu, an shimfiɗa masa tabarma a zaure. Idan matar gida za a tambaya, sai da izinin maigida, kuma da wuya a rasa yaro a bakin ƙofa ko kishiya a tsakar gida tana tankaɗe da kunne a buɗe. A wannan hali ake so ta amsa cewa ta taɓa tunanin aikata abin da addininta ya haramta, abin da zai iya hana a auri 'yarta. Ga kuma doka: sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kamar yadda sashe na 327 na kundin laifuffuka na Kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Mai amsa "e" ga baƙo yana shaida ne a kan kansa. Don haka ni ina karanta kashi 3.2 a matsayin mafi ƙarancin abin da ke akwai. Waɗanda suka amsa gaskiya a wannan yanayi sun yi jarumta, kuma bayansu akwai waɗanda suka ce "a'a" suka sunkuyar da kai.

Sannan an fara ƙidaya ne daga shekara 18. Wannan ƙa'idar binciken duniya ce, ba laifin Gureje ba, amma ta bar mana giɓi a inda ciwon ya fi mana zafi. Labaran da kan fito daga karkarar Kano a rediyo, waɗanda ke sa mutane salati, sau da yawa na 'yan mata ne da ba su kai wannan shekaru ba, waɗanda aka ba wa mijin da ba sa so, suka yi kuka aka ce ƙuruciya ce, suka gudu gidan kawu aka mayar da su. Wadda ta tsira ta kai 18 za ta iya ba da labari. Wadda ba ta tsira ba ba ta cikin lissafin kowa. Haka almajirin da ke kwana a zauren malam, da ɗan ci-rani, da wanda ke tsare: bincike na gida-gida ba ya cika riskarsu.

Akwai kuma inda zancen shekarar farko ke buƙatar gyara idan aka kawo shi ƙasar noma. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, yankin nan ya zama na noman rani: shinkafa, tumatir, albasa, alkama, masara. Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, Doguwa da masara. Noman yau kuwa ba ya yiwuwa sai da feshi. Shiga ɗakin manomi ka duba: ga buhun taki a jingine, ga injin feshi rataye a ƙusa, ga ragowar maganin ciyawa da na ƙwari a ƙarƙashin gado ko a kan taga, wani ma an juye shi a gorar lemo ba ko rubutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum sama da 700,000 da ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar da irin waɗannan magunguna ne, galibi a karkarar ƙasashe masu tasowa. Da yawansu ba su yi shekara suna tunani ba. Cacar baki ce da miji, ko faɗan uba, ko wulaƙanci a gaban mutane, zuciya ta ɗebe su na ɗan lokaci, abin kuma yana kusa da hannu. Da zafin ya wuce da ba su yi ba. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan feshi mafi guba tun daga tsakiyar shekarun 1990, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100, an ƙiyasta rai 93,000 aka ceta cikin shekara 20, kuma amfanin gona bai ragu ba. Takardar Gureje ba a gina ta don ganin wannan ba, tunda masu rai ta tambaya kuma da shekara take awo. A gidan manomi wani lokaci tazarar ba ta wuce tsakanin magariba da lisha ba. Akwati mai kwaɗo a wajen ɗakin kwana, makulli a hannun mutum ɗaya, aiki ne da kowane maigida zai iya yi a yau, kuma ya kamata malaman gona da masu shagon maganin feshi su riƙa faɗinsa kamar yadda suke faɗin yawan ruwan da za a sirka.

Ƙarfin takardar ya fi karkata ga ciwon da ke cikin mutum da tarihin gidansu. Abin da ke faɗo masa daga waje yana neman nasa binciken. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kadawa da kewaye, manoman da suka ci bashin taki da iri suka tashi ba ko kwando. A shekarar da tumatir ya yi albarka kuma, farashi kan faɗi har a bar shi ya ruɓe a bakin titi. Magidancin da ake bi bashi, ga iyali, ga kunyar haɗa ido da mai kuɗin a masallaci, yana ɗauke da abin da takardar tambayoyi ba ta cika aunawa ba, wato zubewar mutunci. Dajin Falgore ya yi shekaru yana ɓoye ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Bafulatanin da aka kore masa garke a dare ɗaya, ko wanda ya sayar da gona ya fanso ɗansa, ba a dawo da shi yadda yake da jaje kaɗai. Ga ƙwaya: binciken ƙasa da aka yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya nuna halin da matasan Kano ke ciki. Gwamnatin Kano na da cibiyar gyaran tarbiyya a Kiru saboda irin waɗannan matasa. Mutanen Karfi sun yi gaskiya da suka sa shaye-shaye a gaba, sai dai akwai yaron da damuwa ce ta kai shi ga kwalba, ba kwalba ce ta kawo masa damuwa ba, kuma idan aka raba shi da ita ba a taɓa damuwar ba, an bar shi ne ba mafaka. Duk wannan ya faru ne bayan an gama tattara bayanan Gureje.

To idan an gane mutum a shekararsa ta farko, ina za a kai shi? Likitocin ƙwaƙwalwa na Kano suna Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Mutumin Riruwai sai ya keta Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora, ya kama titin Zariya zuwa birni, in Dawanau za shi ya sake ratsa garin ya fita ta hanyar Katsina. Kuɗin mota na mutum biyu, yini guda, ga sunan da zai dawo da shi: an kai wane Dawanau. Ba mamaki da wani kashi na binciken Gureje, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa cikin masu tsananin ciwon ƙwaƙwalwa kashi 8 cikin 100 kacal suka sami wani magani a shekarar da ta gabata.

Abin da ya ƙara mini ganin girman Gureje shi ne bai tsaya a ƙidaya ba. Ya shafe shekarun da suka biyo baya yana gwada yadda ma'aikatan ƙananan asibitoci za su iya gane ciwon damuwa su kuma yi maganinsa, da tsarin horon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008. A 2020 kuma mujallar Lancet ta buga gwajin da ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda aka haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibiti suka yi aiki tare a kan masu taɓin hankali, marasa lafiyar suka fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da tsohon tsari. Wannan ya dace da mu ƙwarai. A Karfi kashi 46 cikin 100 sun fi son asibiti, kashi 34 sun fi son addu'a da roƙon Allah, kuma a aikace yawancinmu duka biyun muke yi. Malamin da ake kai wa mutum don ruƙiyya ko rubutun sha shi ne yakan fara jin "na gaji da duniya". Ba sai an raba shi da aikinsa ba. A sanar da shi alamomin haɗari, a ba shi lambar ma'aikacin lafiyar da zai kira. Malamai sun riga sun san cewa shari'a ta ɗauke hukunci daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan ana yi wa Musulmin da ya kashe kansa salla. Tun ƙarnuka da dama da suka wuce malamin Musulmi Abu Zaid al-Balkhi ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Ilimin namu ne tun asali, an dai daina karantar da shi ne.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ci gaba ne, amma ba ta taɓa sashe na 231 ba. Pakistan ta soke irin wannan hukunci a 2022, Gana da Malesiya suka bi a 2023, kuma biyu daga cikin ukun nan ƙasashen Musulmi ne. Soke ɗauri ba halatta aikin ba ne. Haramcinsa na nan a addini, ba majalisar da za ta taɓa shi. Abin da ake cirewa shi ne tsoron da ke sa dangi su ɓoye wanda ya yi yunƙuri a ɗaki suna ba shi madara da manja, maimakon su garzaya da shi asibiti, don kada maganar ta kai ga 'yan sanda. Final Kod dokar jiha ce, saboda haka Majalisar Dokokin Kano na da ikon gyara nata, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na iya kawo ƙudurin.

Alƙaluman Gureje na ƙasa ne baki ɗaya, ba za su gaya wa shugaban ƙaramar hukumar Kiru abin da ke faruwa a mazaɓunsa ba. Wannan aiki yana jiran Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, waɗanda likitocinsu suka riga suka nuna a Karfi cewa mutanen ƙauye na amsa tambaya idan an yi ta da ladabi. In za a sake, a sauko da shekarun zuwa 13 ko 14 da yardar iyaye, mata su tambayi mata a ɗaki ba a zaure ba, a shiga tsangayu, a tambayi bashi da auren dole da abin da aka ajiye a ƙarƙashin gado. A kuma zauna da limamai da masu unguwanni da matan da ke wankan gawa, bisa alkawarin ba za a rubuta sunan kowa ba, domin su ne suka san mace-macen da aka ce wa "gajeruwar rashin lafiya".